Direban Ƙwai a Filin Tsere

Lallaɓa bai yarda akwai wanda ya iya tuƙi a duniya ba, in ka cire shi. Bai kuma taɓa ɓoye wannan ra'ayi ba. Ya faɗa wa direban tasi a cikin tasinsa, ya faɗa wa direban bas ana tsakiyar tafiya, ya faɗa wa surukinsa ranar farko da ya zo gaisuwa, tun kafin ya tambaye shi ɗan gidan wa ne.

"Tun daga ɗaki na ji tsayuwarka," in ji shi. "Me birki ya yi maka da kake taka shi haka?"

Shekara talatin da huɗu ya yi yana jan motar ƙwai, daga gonar kaji zuwa shagunan cikin gari. Kiret ɗari uku a bayansa, hanya kuma rabinta gargada. A nan ya samo sunan da ya binne nasa na yanka. Motoci su yi layi a bayansa suna ta danna hon, shi kuwa ya zuro hannu ta taga ya yi musu alamar su wuce, kamar mai korar ƙuda. Yakan ce duk wanda bai taɓa ɗaukar ƙwai ba, tura mota yake yi, tuƙi bai sani ba.

Matarsa ta sha jin wannan magana har ta daina jin ta. Tun suna amarci yake kiran ta Kwandasta, don ita ke zama gefensa in za a fita, da tsumma da gorar ruwa a cinyarta. Mace ce marar yawan magana, amma in ta yi guda ɗaya sai an kwana ana juya ta. Ba ta taɓa koyon mota ba. Ta ce direba ɗaya a gida ma ya yi mata yawa.

Da ya bar aiki sai ya mallaki wata 'yar farar mota, tsohuwa amma lafiyayya. Kullum da safe ya wanke ta, ya duba mai, ya duba ruwa, ya zagaya yana buga tayoyi da ƙafa, ko da kuwa ba inda za shi sai shagon aski. Makullin na aljihunsa na dama, haɗe da wasu makullai biyar da ba wanda ya san abin da suke buɗewa. Kafin ka gan shi ka ji shi.

Sai ginshiƙin ƙofar gida ya fara shiga hanyarsa. Karo na farko ya ce magini ne ya karkata shi. Karo na biyu ya ce rana ce. Karo na uku madubin hagu ya dawo yana reto a jikin waya, ginshiƙin kuma ya zubar da bulo biyu. A wannan makon ne wani mai keke ya tsinci kansa cikin kwata da buhun gawayi a kansa. Bai ji ciwo ba, amma ya biyo motar har gida a ƙafa, kuma duk layin sun ji abin da ya ce.

Babbar 'yarsu ta zo da yamma. Tun tana ƙarama ake ce mata Alƙaliya, don ita ke raba faɗan ƙannenta, ta kuma hukunta duka ɓangarorin biyu. Yanzu a kamfanin inshora take aiki, inda ba abin da take kallo daga safe zuwa la'asar sai hotunan motocin da suka zama gwangwani. Ta gaishe shi a ladabce, ta tambayi lafiyar gwiwarsa, ta miƙa hannu kan tebur ta ɗauke makullin ta jefa a jaka.

"Baba, sai an duba idonka."

"Idona? Ke da kike sa tabarau tun kina aji uku?"

"Shi ya sa ni ban taɓa ture mai gawayi ba."

Kwana tara Lallaɓa ya yi a kujerar falo yana kallon bango. Abinci sai an yi ta fama. In ya tashi sai ya shafa aljihu, ya ji wayam, ya koma ya zauna. Kwandasta ta gaji da ganinsa. Ta kira surukin, mijin Alƙaliya, ta ce ko dai ya samo wa tsohon nan abin yi, ko ya zo ya ɗauke shi.

Surukin gyaran kwamfuta ne sana'arsa, Injiniya suke ce masa. Ya zo ranar Asabar da kwali uku. Ya ɗaure sitiyari a bakin teburin cin abinci, ya ajiye totur da birki da kuloci a ƙasa, ya jona komai da babban talabijin ɗin falo. Da ya kunna sai ga titi shimfiɗe, baƙi wuluk, ba rami ko ɗaya, da 'yan kallo cike da rumfuna.

"Wasan tsere ne, Baba," in ji shi. "Amma kamar gaske yake. In ka hau dutse sitiyarin zai girgiza a hannunka."

Lallaɓa ya dubi abin ta gefen ido. "Wannan ai ko da ido a rufe."

Alƙaliya tana tsaye a ƙofar kicin, ba ta bari maganar ta faɗi ƙasa ba. "Shi ke nan, Baba. Asabar ta sama, nan da mako biyu. Zagaye uku, kai da sauran motocin. Ban ce ka zo na ɗaya ba, ko na ƙarshe ka zo ba ruwana. Kada dai ka taɓa kowa, kada ka taɓa bango. In ka fita lafiya, makullinka na nan. In ka taɓa, Litinin muna asibitin ido, ba musu."

"Da wace motar?"

"Guda bakwai ne a ciki. Ka zaɓi wadda ta yi maka."

Ba ta san abin da ta jawo wa uwarta ba. Mutum irin Lallaɓa ba ya karɓar mota haka kawai. Washegari ya sa aka samo masa littafin rubutu, ya ja layi, ya ba kowace mota shafinta. Sannan ya ce a kawo masa ƙwai ɗaya da ƙaramin faranti. Ya ɗora farantin a kan tebur kusa da sitiyari, ya sa ƙwan a tsakiya. Tunda teburin na girgiza tare da sitiyarin, duk motar da ta jefo ƙwan ƙasa ta faɗi jarrabawa.

Ta farko ja ce, faffaɗa, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Ya sa mata suna Kwaɗo. Ya taɓa totur da ɗan yatsan ƙafa, irin taɓawar da ya saba, kafin ya ce wani abu maleji ya haura ɗari. Ya ɗauke ƙafa yana salati. Ƙwan ya yi zagaye biyu a faranti ya faɗo.

"Wannan ba ta da tarbiyya," ya ce, ya rubuta.

Ta biyu ko tayar da ita bai yi ba. Mai kujera ɗaya ce, ba rufi, ba ƙofa, tayoyinta a waje tsirara. Ya sa Injiniya ya juyo masa ita a allo, ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashi.

"Injiniya, tayoyin nan sun cinye. Sumul suke kamar kan jariri."

"Haka ake yin su, Baba. Sun fi kama titi."

"Wa ya gaya maka? Ni na taɓa sauke kaya a tsakiyar hanya saboda tayar da ta fi wannan zane. Ina sigina? Ina hon? In ruwa ya sauko fa, lema zan riƙe?"

Daga baya dai ya gwada ta don kada a ce bai yi adalci ba. Ƙwai na biyu ya tafi.

Ta uku rawaya ce, injinta a baya. A miƙaƙƙen titi lafiya lau, amma da ya shiga kwana sai bayanta ya nemi ya riga gabanta, ta yi juyi biyu ta tsaya tana kallon inda ta fito. Ya sa mata Mai Rawa. Ta huɗu baƙa ce mai dogon hanci da ƙara kamar injin niƙa, nauyinta duk a gaba. Ka murɗa sitiyari yau, ta juya gobe. Wannan ita ce Bijimi, kuma ya ɗan ji tausayinta, don ta tuna masa da motar gona.

Kwandasta ce ke goge ƙasa. Da ta ga rabin kiret ya tafi cikin kwana uku, sai ta dafa guda ta ɗora masa a faranti ba ta ce komai ba. Ya yi rabin zagaye ya taka birki, ya ɗauki ƙwan ya murza shi a kan tebur, ya ga yadda yake juyawa.

"Kwandasta! Ni za ki kawo wa dafaffe? Shekara talatin da huɗu?"

"To ka riƙa goge wa kanka, Malam."

Ya ce ya ji. Bai taɓa gogewa ba.

Ranar Alhamis abokinsa Walƙiya ya ji labari ya zo. Shi motar asibiti ya ja har ya tsufa, kuma tun suna samari suke gardama ɗaya ba su gama ba, wai tsakanin mai sauri da mai hankali wane ne direba. Ya shigo da sandarsa yana ɗingishi, ya tsaya ya kalli allo, inda Bijimi ke tafiya a gefen titi da gudun sittin, sauran motoci na wuce ta kamar harsashi.

"Kunkuru, tsere kake ko rakiyar amarya?"

"Ina gwaji ne. Zauna ka koyi wani abu."

"Wa kake ɗaga wa hannu?"

Lallaɓa ya mayar da hannunsa kan sitiyari. Ashe tun ɗazu yana miƙa shi gefe yana yi wa na baya alamar su wuce.

Walƙiya ya ture shi ya zauna. Bai tambayi komai ba sai wadda ta fi gudu. Aka ba shi Kwaɗo. Ya danne totur har ƙasa, yana yin jiniya da bakinsa, maleji ya kai ɗari biyu da arba'in, kwanar farko ta zo, Kwaɗo ta shige tarin tayoyi ta kife. Ƙwan sai a jikin labule aka same shi.

"Marar lafiya ya iso," in ji Lallaɓa. "A kai shi ɗakin gawa."

"Mota ce wannan! Ka ji yadda take amsawa? Irin ta da na samu a zamanina, da mata da yawa ba su haihu a hanya ba."

"Kiret nawa za ta ɗauka?"

"Wa ke maganar kiret? Ka ga wannan fiffiken na bayanta? Shi ke danne ta a ƙasa."

"Na ɗauka wurin shanya tsumma ne. Ban da haka ma, tana jan hagu."

"Ni ban ji ta ja ko'ina ba."

"Yaushe ka daɗe a kan titin da za ka ji?"

Suka yi ta yi har shayi ya huce. Walƙiya ya ce Mai Rawa ta fi Bijimi, don mota mai rai ita ce wadda ke neman kashe ka. Lallaɓa ya ce shi ya sa asibiti ba su taɓa rasa aiki ba. Da zai tafi, Walƙiya ya leƙa kicin ya ce, "Matarmu, in ya ci jarrabawar nan ki sanar da ni in daina bin layinku." Ta ce masa ya gaida gida.

Cikin mako na biyu aka gama da sauran ukun. Biyu ba su bar wani tarihi ba. Ta ƙarshe wata 'yar shuɗiya ce, gajera, mai ɗan tsayi daga ƙasa, duka tayoyinta huɗu na ja. Ba ta zabura, ba ta wutsiya, in ta hau gefen titi ta sauko ba hayaniya. Ya sa mata Akuya. Ita kaɗai ta kai ƙarshen zagaye da ƙwai a faranti, ko da yake ta goge bango sau biyu.

Ranar Laraba ya tafi aski a ƙafa, yana gunaguni. Kwandasta ta zo share tebur ta ga littafin a buɗe. Ba ta da al'adar karanta abin mutane, amma wannan a kan teburinta yake. Rubutunsa manya ne, irin na mai cika takardar kaya. Kwaɗo, ba tarbiyya, tana jan hagu. Mai kujera ɗaya, taya ta mutu, tana jan hagu. Mai Rawa, a kai ta gidan biki, tana jan hagu. Ta buɗe shafi bayan shafi. Har Akuya, da ya rubuta mata "'yar halak", a ƙasa ya ƙara da cewa tana ɗan jan hagu, a gaya wa Injiniya.

Ta zauna da tsintsiya a hannu. Ita ba ta san inji ba, amma ta yi shekaru tana ɗinki, kuma ta san in riga bakwai suka fito da hannun hagu a karkace, ba a zargin yadi. Sai ta tuna bakinta. Ta daɗe tana faɗin abubuwa a mota ba tare da ta lura ba. Mai keke a hagunka. Akwai rami ta hagu. Malam, ginshiƙi. Duk ranakun da ya daki ginshiƙin nan, da ranar mai gawayi, ba ta cikin motar.

Da ya dawo ya zauna gaban sitiyari, ta haɗa shayi ta zo ta tsaya ta hagunsa, kofin a miƙe, tazarar hannu ɗaya daga kuncinsa. Tururi na tashi. Ta ƙirga har talatin a zuciyarta. Sai ya ɗaga murya ya fuskanci kicin.

"Kwandasta! Shayin nan sai gobe?"

"Ga shi nan tun ɗazu."

Ya zabura har gwiwarsa ta bugi tebur. "Ke kuma sanɗa kika koma?"

"Malam, motocin nan lafiyarsu ƙalau. Idonka na hagu ne ya tafi hutu."

"Ji mai maganar. Ke da ba ki san kuloci daga birki ba."

"Ban sani ba. Amma na san bakwai."

Ya kira Injiniya a waya ya ce sitiyarin nan a karkace aka ɗaure shi. Injiniya ya zo bayan ya tashi aiki, ya kwance, ya ɗaure, ya rantse daidai yake. Lallaɓa ya ce to teburin ne. Aka naɗe takarda aka cusa ƙarƙashin ƙafar hagu. Akuya ta sake goge bango a wuri ɗaya.

Ranar Alhamis da hantsi ya jawo kujera ya ajiye kusa da tasa, ya bubbuga ta da hannu.

"Zo ki zauna. Mota ba kwandasta ba ta jin daɗin tafiya."

Ta zauna, don ta gama aikinta kuma ƙafarta na ciwo. Ba a yi rabin zagaye ba bakinta ya fara aikinsa. "Bango na matsowa. Ga wata ja nan ta hagunka. Bar mata hanya." Ya yi zagaye uku cif, bai taɓa ko ciyawa ba, ƙwai na zaune kamar an dasa shi. Ya sake yi, ya sake fita. Juma'a ma haka. Ya rufe littafin ya ce ashe takardar da aka cusa ce ta gyara teburin.

Ta dube shi, shi kuma ya dubi allo. Daga yadda ya ƙi juyowa ta gane ya san ba takarda ba ce.

Asabar ta zo. Ya yi wanka, ya sa rigar da yake sawa in za shi sabunta lasisi. Ya aika wa Walƙiya cewa an ɗage jarrabawa, don kada ya zo. Alƙaliya ta iso da mijinta ƙarfe goma, ta ciro makullin daga jaka ta ajiye a kan talabijin inda kowa zai gan shi. Ta ga uwarta zaune gefensa da tsumma a cinya, ta yi dariya.

"Mama, har da ke?"

"An ce in zauna."

Motoci goma sha biyu suka jeru. Fitila ta koma kore, sha ɗaya suka ɓace, Akuya ta tashi a giya ɗaya kamar mai fita daga gareji. Zagayen farko titin nasa ne shi kaɗai. Kwandasta ta ce "bango" sau biyu, can ƙasa, ya gyara. Alƙaliya na duba wayarta, ba ta ji ba. A zagaye na biyu na gaba suka kewayo suka cim masa, suka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce "hagu", ta ce "wata kuma", ya matsa musu. Injiniya har ya fara tafi.

A zagaye na uku ta ɗaga ido ta ga makullin a kan talabijin. Saura lanƙwasa huɗu a titin, makullin ya koma aljihunsa. Ta san gobe da safe zai wanke mota ya tafi aski, kuma ba zai ce ta raka shi ba, ita ma ba za ta bar girkinta ta bi shi ko'ina ba har ƙarshen ransu. Mai gawayi ya faɗa kwata ya tashi. Na gaba ba lallai ya tashi ba. Ita kuwa ba ta da niyyar kai wa kowa abinci gidan yari da tsufanta.

Daga ƙarƙashin gada wata koriya ta taho. Ta gan ta a madubin allo, ta gan ta ta iso gefen hagu ta jera da Akuya, hancinta cike da kusurwar talabijin. Kwanar da ke gaba ta hagu ce. Kwandasta ta naɗe tsummanta gida huɗu, ta rufe bakinta.

Lallaɓa ya rage gudu yadda ya kamata, ya murɗa sitiyari a hankali, cikin ladabi, ya shige cikin koriyar. Sitiyarin ya fizge, tebur ya yi tsalle, motoci biyu suka tafi bango tare. Ƙwan ya gangaro ya fashe a kan takalminsa.

"Daga ina wannan mahaukacin ya fito?" ya daka tsawa. "Kun gani ai! Daga sama ya faɗo! Wannan ba lissafi, a sake!"

"Injiniya," in ji Alƙaliya, "abin nan ba ya maimaitawa?"

Injiniya ya dubi surukinsa, ya dubi matarsa, ya zaɓi wadda zai koma gida da ita. Ya danna. Hoton ya dawo baya, amma yanzu daga sama ake kallo, kamar daga jirgi. Ga koriyar tana tahowa. Ga wata mai farin rufi a gabanta tana rarrafe.

Kwana da kwanaki Lallaɓa yana cikin Akuya, bai taɓa ganin rufinta ba. Ya matso da kujera, ya nuna da yatsa.

"To ga mai laifin nan ma. Dubi wannan farar. Wane jaki ne a ciki? Ga mota a gefensa tun daga gada, ɗaya, biyu, uku, har yanzu bai gan ta ba. Kai, duba hagunka! Kai! Zai shiga, wallahi zai shiga. Ya shiga! Irin waɗannan wa ke ba su lasisi? Wannan ko makaho ne..."

Motar ta juya a allo bayan karon, gefenta ya bayyana, shuɗi.

Ba wanda ya yi dariya, ko da yake Injiniya ya sha wuya. Ya fita tsakar gida ya ce zai duba wani abu a motarsa. Hoton ya sake farawa da kansa, suka sake kallo tun daga gada.

Lallaɓa ya cire hannu daga sitiyari ya ɗora a gwiwa. Bai juyo ba ya ce, "Ba ki yi magana ba."

"Ban yi ba."

"Kin gan ta?"

"Tun daga gada."

"Tun yaushe kike gani mini?"

"Ya kai shekara da rabi. Ni ma sai ranar Laraba na ƙirga."

Ta miƙa masa tsumma. Ya karɓa ya sunkuya ya goge takalminsa da kansa, ya goge ƙasa, ya tattara ɓawon a faranti.

"Ƙarfe nawa suke buɗewa ranar Litinin?" ya tambayi 'yarsa.

"Takwas, Baba. Zan zo in ɗauke ka."

"Ke za ki tuƙa?"

"Ni."

"Allah ya sa mu isa." Ya numfasa. "In sun ce zai gyaru fa?"

"In likita ya rubuta da hannunsa, ni zan kawo maka har ɗaki. In bai rubuta ba, ka san sauran."

Ta tashi ta ɗauki makullin daga kan talabijin, ta buɗe jaka. Ya bi hannunta da ido ɗayan da ke aiki.

"Tsaya. Kira mini mijinki."

Injiniya ya shigo yana goge fuska. Lallaɓa ya gyara zama, ya dube su su uku ɗaya bayan ɗaya, sai da ya juyo da kansa gaba ɗaya kafin ya samu matarsa.

"Abu ɗaya zan roƙe ku. Injiniya, ka ɗauko sifana ka cire batirin motar nan ka tafi da shi gidanka, ka ɓoye inda ko na zo da kuka ba za ka ba ni ba. Ke kuma ki ba ni makullina in sa a aljihu. Mota ba batir ba inda za ta. Amma ba zan je in zauna a bencin aski Walƙiya na kaɗa nasa ni ina kaɗa hannu ba. In ya tambaya, ku ce mota na jiran gyara. Kada wanda ya ce masa komai a kan koriyar nan."